Harsashin Baba Saje

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Bunguɗu gaida surukai ba, ko da zan manta sunana.

Lokacin Turawa na nan, ni kuma ina sabon malamin makaranta a Gusau, ina ji da kaina kamar ni na ƙago boko. Hajara nake nema, kuma maganar aurenta tana hannun ƙanen mahaifinta, Baba Saje, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama. Kawuna ya ja mini kunne: ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru.

Na tarar da shi a zaure da abokansa biyu, su ma tsoffin soja, suna musu kan libarba, ƙaramar bindigar nan ta hafsoshi. Ɗaya ya ce mai babban harsashi ita ce bindiga, in ta sami mutum a nan zai zube. Ɗayan ya ce mai ƙarami ta fi, ba ta fizge hannu, sai inda ka nufa.

Na daure, wallahi na daure. Amma na taɓa karanta shafi biyu kan bindigogi (a wata tsohuwar mujalla da aka ƙunso mini sabulu a ciki), sai ilimin ya fara yi mini ƙaiƙayi. Ban san sanda na ɗago kai ba. Na yi musu bayanin nauyin harsashi, na yi na gudunsa, har da zane a ƙasa. Ni da ko zakara ban taɓa yankawa ba.

Baba Saje ya laluba aljihu, ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe.

"To Malam, wanga hwa? Babba na ko ƙarami?"

Na jujjuya shi, na auna a tafin hannu. Har shinshinawa na yi.

"Babba ne, Baba. Har yanzu da warin albarushi. Wanda wannan ya sama ba ya tashi."

"Awo," in ji shi. "Bawul ɗin tayar kekena na, jiya anka canza shi."

Ɗaya daga cikin tsoffin sai da ya kwanta don dariya. Ban tuna ko na yi sallama ba. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na koma Gusau da tabbacin na rasa Hajara.

Bayan mako guda kawuna ya kira ni. Wai Baba Saje ya aiko: "A ba shi. Na zamna da waɗanda sunka san harsashi, na binne da yawansu. Ɗiyata ta tai gidan wanda bai san shi ba."

Allah ya ji ƙan Baba. Tun daga nan, in dattijo ya miƙo mini abu ya ce mene ne wannan, ko ƙwai ne sai in ce zan bincika.