Ruwan Tekun da Na Kawo wa Kakata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin teku ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu na Jugu ba za su bar ni ba.

A Paraku nake sayar da kayan moto, wato babur, amma asalinmu Jugu ne, can kakata take, mahaifiyar babana. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, kuma ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne gulbin da mota ke bi ta kan gadarsa. Sai ɗan kawuna Sadisu, wanda ke jigilar kaya zuwa Kwatano, ya ce in raka shi ɗaurin auren abokinsa, in an gama mu wuce Garan-Popo mu sha iskar bakin teku kwana biyu. Mako guda na yi ina shela. Wanda ya zo sayen buji, wato fulogin moto, sai ya sha labarin teku kafin ya samu bujin.

Na je Jugu yi wa Kaka sallama. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har salla a zaune take yi, kuma wata ƙawarta ta tabbatar mata cewa in ana shafa ruwan teku safe da yamma, gwiwa sai ta koma ta budurwa. Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani farin bido, wato jarkar ruwa, mai koriyar igiya a wuya.

"Angona," in ji ta (haka take kirana tun ina rarrafe), "a cikin wannan marigayi Alhaji, kakanka, ya kawo mini zamzam. Ban taɓa ara wa kowa shi ba. Ka ciko mini shi."

Na ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Ba na bakin gaɓa zan ɗebo miki ba, inda kowa ke wanke ƙafa. Daga tsakiya zan ɗebo."

Ka ji fa, wai daga tsakiya. Ni da ko a rafi ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Garan-Popo kam ta yi, ba zan rage mata komai ba. Itatuwan kwakwa a jere har iya ganinka, rairayi mai laushi kamar garin masara, manyan kwale-kwale masu fenti ja da shuɗi a kan tudu, masunta sun kama igiyar koma suna ja suna waƙa. Ga mata suna soya kifi a inuwa, ƙamshi na jan mutum da ƙarfi. Na ci kifi har sai da na sassauta tazuge. Na sha ruwan kwakwa uku a tsaye. Na yi hoto ina nuna teku da yatsa, na sake wani ina kallon nesa kamar mai jiran jirginsa. Dariya kawai nake yi ba dalili, duk wanda muka haɗa ido sai in ce masa "bonjur", har wani kare na gaisar.

Shi dai tekun ne ban gane masa ba. Na ɗauka ruwa ne kwance kamar tafki. Ashe tashi yake yi tsaye, ya naɗo kansa ya faɗo da ƙara, ya ja da baya, ya sake dawowa kamar mai neman rigima.

Da yamma na naɗe ƙafar wando, na ɗauki bido, na miƙa wa Sadisu waya ya ɗauke ni bidiyo don tarihi. Wata mai sayar da kifi ta yi mini magana da Faransanci, ta ce ruwan nan ba ya wasa, in ba wa masunci ya ɗebo mini. Na ɗaga mata hannu irin na wanda ya saba. Na taka, ruwa ya shafi idon sawuna, sanyi mai daɗi. Na ƙara taku uku, na sunkuya na kafa bakin bido. Da na ɗago kai sai na ga katangar ruwa ta fi ni tsawo tana zuwa.

Ban san lokacin da na saki bidon ba. Na juya da gudu ina kiran sunan mahaifiyata, igiyar ruwan ta cim mini, ta share ƙafafuna, ta mirgina ni sau biyu, ta ajiye ni gaban masu kifi, baki cike da rairayi, takalmi ɗaya babu. Da na waiga, ga bidon Alhaji can yana lilo a kan ruwa, yana ƙara nisa. Sadisu kuwa ya durƙusa yana dariya, amma hannunsa bai sauke waya ba.

Abin da ya kamata shi ne in sayi wani bido in roƙi masunci ya cika mini. Amma bayan abin da duk bakin tekun ya gani, ban iya sake leƙa wurin ba. Washegari na sayi bido a kasuwa, na cika shi a famfon otel, na zuba gishiri tafi biyu na girgiza. Na ɗanɗana, na ƙara rabin tafi. (Har wani alfahari na ji a raina, don ɗanɗanon ya fito daidai, kuma ni na san na asalin, tunda na sha shi.) Na sa Sadisu ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba.

A Jugu na ce wa Kaka bidonta yana Paraku, na manto shi a shago. Ta karɓi ruwan da hannu biyu, ta yi ta sa mini albarka har na kasa haɗa ido da ita. Bayan kwana goma aka kira ni: gwiwa ta yi sauƙi, Kaka ta yi sallar Asuba a tsaye. Ta ɗiba a 'yan kwalabe ta rarraba wa ƙawayenta tsofaffi, gida shida. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai labarina ya riƙa girma. A Paraku ruwan ya kai mini ƙugu. Kafin in iso Jugu ya kai wuya.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka taru a tsakar gidan Kaka, kawunnai da gwaggwanni da ƙawayenta biyu. Ina tsaye ina nuna yadda na danne igiyar ruwa da kafaɗa, sai Kaka ta ce, "Ni dai har in mutu ban ga abin nan da idona ba."

Rabi, matar Sadisu, baiwar Allah da ba ta san komai ba, ta ce, "Ai kuwa Kaka akwai shi a wayar maigidan. Ya ce kar in buɗe, amma ai ke ce."

Na nemi Sadisu da ido. Ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Kowa ya matso. Na ji muryata tana fitowa daga wayar, siririya, tana kiran "Inna, Inna". Sai tsakar gidan ta ɗauki dariya gaba ɗaya, Kawu, baban Sadisu, har da buga ƙafa. Aka maimaita sau uku. A na ukun Kaka ta kai wayar kusa da idonta.

"Angona, wancan farin abin da ke tafiya, ba bidon Alhaji ba ne?"

Na ce shi ne.

"To me nake shafawa?"

"Ruwan famfo ne, Kaka. Da gishiri."

Ta sake duban wayar. Wannan kallon ya fi mini igiyar ruwan ciwo, don na ga idonta ya tsaya a kan bidon har hoton ya ƙare. Sannan ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Shi ya tafi neman mai shi, Allah ya kai shi lafiya. Kai kuma tashi. Gida shida na aika da ruwan nan da sunana. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu abin da ke ciki."

Haka na bi unguwa da shaddata ta Juma'a, ina durƙusawa gaban tsofaffi ina cewa famfo ne da gishiri. Ɗaya ta zage ni tas. Biyu sun yi dariya har da tari. Ta ƙarshe kuwa ta saurare ni har na gama, ta miƙo mini kwalbarta babu komai a ciki ta ce, "Ni dai ya yi mini aiki. Ka haɗo wani, amma ka rage gishirin."

Tun daga ranar na gane cewa in abu ya fi ƙarfinka, gara ka dawo hannu wofi ka ce ya fi ƙarfinka. Da na yi haka, a ɗaki ɗaya zan ji kunya, gaban tsohuwa ɗaya mai ƙaunata. Yanzu kuwa duk tsohuwar da gwiwarta ta motsa a unguwarmu, ni ake aiko wa.