Ba Wannan Bel Ɗin Ba

"Lafiya lau, sai ganin mummunar fuskarka," in ji Kaka, ba ta ɗago ba. Ko ta so ma ba ta iya ɗagowa sosai, shekara arba'in a kan keken ɗinki sun lanƙwasa ta. Da safe ta aiki jikanta, direban motar haya, ya sayo mata bel, don na keken ya tsinke. Ya ajiye leda, ta buɗe, sai ga faffaɗan bel na ɗaure baya.

"Kai mijin banza, mene ne wannan?"

"Bel kika ce, amarya."

"Na keke na ce, kurma."

"Ai ke ce keken da ya lalace. In kin tashi kin fi shi ƙara."

"Da bayan nan na goya ubanka, na goya ka da ƙaton kanka. Kai ka karya ni."

"Sharri ne. Likita ya nuna mini hoton bayanki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai 'yar matashiya, naki duk sun bushe sun lotsa, ƙashi na gugar ƙashi. Doguwa na aura, kullum ana rage mini ke. Baɗi a aljihu zan riƙa sa ki."

"Aljihun da ba komai? Ai kaɗaici ya kashe ni."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

"Likitan ya kuma ce in kika ci gaba da taka keke, ƙafafun za su daina ɗaukar ki."

Ta sani. Jiya allura ta faɗi, ta zauna tana kallonta a ƙasa har la'asar, ta kasa sunkuyawa. Wannan ya fi ciwon bayan cin ranta. Keken nan kaɗai ya rage mata da ake ƙwanƙwasa ƙofarta dominsa.

"In na bar shi, me zan tashi in yi da safe?"

"Zagina. Zan riƙa zuwa da wuri."

Ta fara dariya, bayanta ya riƙe, ta tsaya. Sai ta zaro almakashin da ba ta taɓa ba kowa aro ba, ta miƙa masa.

"Ka ci, ɓarawo. Tafi da shi, in ina ganinsa zan koma ɗinki. Zo ka ɗaura mini abin, a hankali, ni ba buhu ba ce."

Ya durƙusa ya ɗaura mata, a hankali.