Diron Ya Leƙa Katangar Manya

Jama'a, yau da lema na yi wanka. Hannu ɗaya riƙe da ita, ɗaya yana neman soso, sabulu ya shige mini ido, na zame na zauna daɓas cikin bokiti. Ba ruwan sama nake gudu ba. Makewayinmu na talakawan Kafanchan kun san shi, kwano huɗu a tsaye, rufinsa sararin Allah. Tunda gemun maƙwabciyata ya kama da wuta, dole in shafa wa nawa ruwa.

Maƙwabciyar tawa ita ce Damaris, mai ba da waƙa a zumuntar mata. Watan jiya aka yi biki a layinmu, Jason mai hoto ya tashi jirgin nan nasa maras matuƙi, wanda ake kira diron, wai zai ɗauko amarya daga sama. Jirgi ya ɗauko amarya, ya ƙara da Damaris tana tsakiyar wanka. Kafin Jason ya ankara ya yanke wurin, bidiyo ya zaga wayoyi har Godogodo. Matar da muryarta ke cika majami'a ta daina zuwa sujada, ko kasuwa sai aike.

"Baban Hellen," ta ce mini, "abin nan ya gan ni duka. Da wace fuska zan tsaya gaban mutane?"

Raina ya ɓaci, na sa hula na tafi ofishin da ba zan ambata ba, wurin Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ya saurare ni yana danna waya. Ya ce zamani ne, kada mu zama ƙauyawa, shi kansa ba ya buɗe rijiyar burtsatse sai diron na shawagi a kansa. Gaskiyarsa ne, daga sama ba a gane famfon da ba ya kawo ruwa. Shawarar da ya ba Damaris ita ce ta yi rufi.

To, rana dubu ta ɓarawo. Makon jiya aka yi bikin zagayowar ranar haihuwar uwargidan Mai Girma, aka ɗauko Jason ɗin dai. Diron ya tashi, ya haura katangar bayan gidan, sai ga taraktar manoman citta, wadda aka ce mana tun bariya tana Kaduna wurin gyara. Tana nan lafiya lau, an shanya mata zannuwa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sambo mai shayi ya nuna mini bidiyon, yana dariya har ya ƙona yatsa.

Ashe wanzami ba ya son jarfa. Kafin zannuwan su bushe an kafa kwamiti, an ƙwace jirgin Jason, an gano cewa diron barazana ne ga tsaro da mutuncin iyali. Doka ta fito da zafinta: kada diron ya kuskura ya bi ta kan gidan da ke da doguwar katanga da waya mai lantarki. Na jinjina wa wannan hikima. Sauran gidajenmu kuwa, ko a bakin zance ba mu shigo ba.

Ni ba na ƙin doka, ita na je nema. Abin da ke tashi a kan gidajen mutane da ido a cikinsa dole a yi masa linzami. Takaicina shi ne, an auna mutuncin uwar 'ya'ya da na tarakta, tarakta ta fi nauyi.

Ɗazu Damaris ta leƙo, ta tambaye ni ko dokar ta shafe ta, ko ta fara shirin komawa sujada ranar Lahadi. Na ce ta yi haƙuri, ina nema mata aron taraktar gwamnati. In muka faka ta a makewayinta, kafin azahar hukuma za ta zo da rufi.