Ranar da pil ɗin ordinatar ya gangaro gaban Shef

Ba zan taɓa mantawa da waccan Juma'ar ba. Lokacin ana shirin zaɓen da zai maida mulki hannun farar hula, ni kuma wata biyu ke nan da fara staj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin buro (ofis) a garin Agiye. Kawuna ne ya yi ta zarya kafin Shef, shugaban buron, ya karɓe ni, da sharaɗin kuskure ɗaya in koma gida.

Ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya ce a buron, ni ke buga takardu da ita. Samarin wurin kuwa kullum na dawo sai in tarar suna karta a kanta. Ni mai ilimi (na gama kolej fa, a lura), sai na shiga can cikin saitinta, inda ake kira BIOS, na sa mata kalmar sirri. Ban rubuta ko'ina ba, saboda na yarda da kaina.

Washegari na kunna, ta tambaye ni kalmar. Kaina fayau. Na gwada sunana, sunan innata, har sunan akuyarmu. Ga takardun gayyatar masu sa ido kan zaɓe, Shef yana son su kafin la'asar. Da ya leƙo sai na ce masa wai tana hutawa ne.

Na kira ɗan kawuna, Yaya Lawali, mai gyaran ordinatar a Maraɗi. Sai da ya ƙoshi da dariya sannan ya ce, "Cire wayar wuta, ki buɗe akwatin. Akwai pil, ɗan batir kamar na agogo. Fitar da shi, ki jira kaɗan, ki maida. Za ta manta komi, kamar ke."

Na jira maza suka tafi masallaci. Babu turnabis na kwance ƙusoshi, don haka da wuƙar yankan albasar maigadi na kwance ta. Na zaro pil ɗin ke nan sai na ji motar Shef. Ashe ya dawo da baƙi uku daga Gidan Rumji! Na jingina murfin a gaggauce, pil kuwa na yi masa abin da kowace mace ke yi wa kwabo: na ɗaure shi a haɓar zani. Sai dai ɗaurin gaggawa ba ya riƙo.

Suka shigo, na durƙusa gaisuwa. Ƙulli ya kwance. Pil ya faɗi ƙwal, ya gangara a kan siminti a hankali, ba ya ko sauri, ya je ya kwanta a gaban takalmin Shef.

Baba maigadi, da ya rako su ciki, ya ɗauka ya juya shi. "Ɗiyata, kuɗin sabuwar gwamnati ne har sun fito?"

Shef ya dubi pil, ya dubi wuƙa a kan tebur, sai ga murfin ordinatar ya zame ya faɗi da kansa (munafuki).

"Madmazel, fiɗa kike yi mata?"

Na fashe da kuka, na faɗi komi, har da sunan akuya. Baƙi suna ta ƙunshe dariya. Shef ya miƙo mini pil ya ce, "Maida. In ta tashi, kin tsaya. In ba ta tashi ba, ki gaida mini kawunki."

Ta tashi, wallahi ta tashi! Na buga takardun cikin farin ciki na kai masa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ƙasa duka tana ƙoƙarin yin gaba, ke kin maida mu baya shekara goma."

Yaya Lawali bai gaya mini har kwanan wata take mantawa ba.

Ban rasa aikin ba, amma har masu tallan fura sun san ni da Likitar Ordinatar. Samari sun koma kartarsu, ni ma har ina ba su kujera. Yanzu in zan ɓoye wa mutane abu, sai na fara tabbatar ban ɓoye wa kaina ba. Kuma na ɗinka wa zanina aljihu.