Garuruwan da ke ɓacewa a baƙin allo

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin nan ba, ko na so ma abokan aiki ba za su bari ba. Shekarar fari ce, sojoji na kan mulki, ni kuwa sabon ɗauka a wani biro, wato ofis, a Mayahi mai raba wa manoma iri. Iyakar sanina da ordinatar, wato kwamfuta, in kunna in kashe (amma a gida injiniya ake ce mini).

Kowa ya fita cin abinci, aka bar ni gadi. Madam Rabi, shugabarmu, ta bar tata a kunne: baƙin allo, fararen haruffa, sunayen garuruwa a jere. Ta ba shi wani umarni da ke sa ya riƙa sabunta kansa. Ɗakin shiru, kujerarta babu kowa, allon kuwa sai ƙiftawa yake shi kaɗai.

Ina kallo Korgom ta ɓace. Na murje ido. Ya ƙifta, wani garin ya bi ta. Daga gabas abin ya faro, yana cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, yana matsowa Atantane, inda inna ke zaman jiran iri. A lokacin nan in aka soke ka daga sama, wa za ka tambaya? Na ce shi ke nan, ko mutum ko aljan, wani na share mu daga rabo.

Na karanta duk abin da na haddace, bai daina ba. Sai na rarrafa ƙarƙashin tebur na fizge wayar kuran, wato ta lantarki. A nan Madam ta iske ni, da waya a hannu.

"Lafiya, malam?"

"Madam, na ceci Atantane!"

Ta yi dariya har da hawaye. "Kai, wannan yaro! Jerin garuruwan da ruwa bai sauka ba ne. Duk inda aka bugo waya an yi ruwa, ƴan bironmu na Tasawa su shigar, sai garin ya fita. Mayar da kuran, ka roƙi Allah naku ya ɓace."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka na zauna gaban allon ina addu'a, har wajen la'asar ya ƙifta babu Atantane. Na daka tsalle ina ihu, "Alhamdulillahi, garinmu ya ɓace!" Mai gadi ya sheƙo a guje yana salati.

Tun daga ranar, kafin in ceci abu sai na tambaya ko yana son ceto.