Intanet Ɗin da Ba Ya Aiki Ranar Lahadi

Tsufa ya soma kwashe min abubuwa daga ka, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na hau kwanon gidana ina juya murfin tukunya ba, alhali 'yata tana ƙasa hawaye na zubo mata.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Tun muna samari a Kurfi, a shekarun saba'in, ni ne mai ɗaura waya a kan bishiyar bedi don rediyo ya kamo tashoshin nesa. Da talabijin ta shigo Dutsin-Ma a shekarun tamanin, duk wanda ya sayi tasa ni yake nema in kafa masa gora, in hau ina juya eriya, ana gaya min daga ɗaki ko hoto ya fito. Har sunana na yanka ya ɓace, na koma Malam Mai Eriya. Aikin da gwamnati ta san ni da shi koyarwa ne, amma a zuciyata ni injiniya ne wanda ƙaddara ta hana takarda.

Da na yi ritaya sai na sayi laftof mai Windows, da modem ɗin nan mai kama da ɗan yatsa da ake sa wa layin waya. Da farko azaba ce. Ka danna shafi, ka je ka yi alwala ka dawo, yana nan yana juyi. Na kai wa maƙwabcina Bitrus ya duba min. Mutumin Filato ne, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya ɗan taɓa nan ya taɓa can a falonsa, ya sauke min wasu manhajoji, ya ce modem ɗin ne ba shi da ƙarfi a unguwarmu. Ina jin haka tsohuwar sana'a ta motsa. Na ɗauko murfin babbar tukunyar matata Hajiya (har yau ba ta yafe ba), na huda shi, na ɗaure modem a tsakiya, na ja doguwar waya, na ɗaga shi a kan gora.

A ranar intanet ya ɓalle kamar an buɗe ruwan dam ɗin Zobe. Abin da ya fi daɗi, data ɗin da na saya ya ƙi ƙarewa. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ban ƙara ko sisi ba. A majalisarmu ta bayan la'asar nake yi wa tsofaffi bayani cewa murfin yana tattaro abin da ke yawo a iska a banza. Mutum biyu sun lalata murafen matansu a kan maganata, da bai yi musu ba na ce ba su iya huda ba ne. Har Bitrus na yi wa tayin in haɗa masa nasa, ya yi murmushi ya ce wanda yake da shi ya ishe shi.

Aibi ɗaya gare shi: duk Lahadi da safe sai ya ɗauke, ba ya dawowa sai wajen azahar. Wannan ma ban rasa amsarsa ba. Na ce injiniyoyin kamfanin ne suke tafiya coci.

To, autata Hafsatu ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe tana neman aiki a wani asibiti a Saudiyya. Rannan suka aiko cewa za su gana da ita ta bidiyo, kuma ranar Lahadi da hantsi, tunda su can ranar aiki ce. Sun faɗa mata a fili, wanda bai bayyana ba za a ba na bayansa. Ta ce za ta tafi Katsina gidan ƙawarta ta kwana, can intanet ba ya wasa. Wallahi raina ya ɓaci. 'Yar Mai Eriya ta tafi aron intanet a wani gari? Da ta tuna min da matsalar Lahadi, na ce wannan ƙaramin abu ne, zan juya murfin ya kalli Kurfi, ƙarfen sabis na can ba ya zuwa coci. Ta kalli uwarta, uwarta ta kalli ƙasa. Hafsatu yarinya ce da ba ta iya yi min musu ba, sai ta zauna.

Saura a kai intanet ɗin cikin kwamfutarta, don tawa kyamararta ta daɗe da mutuwa. Tata kuwa ba Windows ba ce, wani tsari ne da ake kira Linux, wanda ɗalibai suka saka mata. Muka sauko da modem muka soka mata, ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Na ce ai ga irinta nan, kwamfutar da ba ta da tarbiyya. Na mayar da shi kan gora, na ɗauko wayar da ake haɗa kwamfuta biyu da ita, na soka kai ɗaya a tawa, ɗaya a tata, na shiga wurin da ake ba da izinin rabawa. Gaskiyar magana ban san wanne ne wanne ba. Duk ɗan akwatin da na gani sai na danna masa alama. Can sai ga shafi ya buɗe a wurinta, ranar Asabar ke nan.

Ina cikin ƙafafa ta ce, "Baba, tawa tana ganin wani waifai nan kusa, an sa masa suna Rahila, amma da makulli."

Rahila sunan 'yar Bitrus ne. Na ɗaure fuska na ce, "Bar shi. A gidan nan ba ma taɓa kayan mutane."

Lahadi da sassafe Kawu Sale, yayan Hajiya, ya iso daga Kurfi a kan babur, ya ce ya zo ya sa albarka, ya kuma ga abin al'ajabin da ake ba shi labari. Hafsatu ta shirya, ta zauna gaban kwamfuta da takardunta. Na juya murfi ya kalli Kurfi, komai na tafiya daidai. Muka ji Bitrus da iyalinsa sun rufe ƙofa, motarsu ta tashi. Ko kwanar layinmu ba su sha ba, intanet ya ɗauke.

Ban girgiza ba. Na naɗe riga, na sa tsani, na hau kwano da shekaruna. Na juya gabas, na tambaya ko ya dawo, Hajiya ta ce a'a. Na juya yamma, shiru. Na ce laifin Linux ne, dama tun jiya ban yarda da take-takenta ba. Kawu Sale yana tsakar gida ya ɗaga kai yana kallona, ya ce, "Malam, halan murhin ne ya gaji? Ko a ɗauko na ƙaramar tukunya?" Lokacin ganawa ya yi, ya soma wucewa.

Sai Hafsatu ta fito riƙe da laftof ɗina. Idanunta sun yi ja, amma muryarta a kwance take.

"Baba, ka sauko. Layin modem ɗinka ya daɗe da mutuwa. Kwamfutarka Rahila take nema. Da ita kake aiki tun farko."

Ashe ranar da na kai wa Bitrus gyara, ya haɗa ta da ɗan akwatin intanet ɗinsa don ya sauke min manhajojin, ita kuma ta riƙe makullin. Duk watannin nan da bazar maƙwabci nake rawa. Akwatin kuwa na aljihu ne: ranakun aiki yana bar wa matarsa shi a gida, ranar Lahadi ya tafi da shi coci saboda 'yan kwaya, wato mawaƙan cocin da yake cikinsu. A kan kwanon nan na ji kamar in zauna a can har abada. Amma kunya ba ta kai tsoron da ya kama ni ba, cewa na kashe wa yarinyar nan aikinta da bakina.

Kawu Sale ya tayar da babur, na ɗare baya ko takalmi ban sa daidai ba. Muka tsaya a ƙofar coci ana tsakiyar waƙa, dattawa biyu da hula da carbi. Mai tsaron ƙofa ya zaci rasuwa aka yi. Ya shiga ya fito da Bitrus cikin doguwar rigarsu ta 'yan kwaya, mutane na leƙowa ta taga. Na soma kame-kamen bayani. Kawu ne ya taimake ni, da muryarsa ta kiran shanu.

"Intanet ɗin Malam muka biyo. An ce shina aljihunka."

Bitrus bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ta fi min sauƙi. Ya ciro akwatin ya sa min a hannu.

"Baba, ai na sani tun tuni, ina ganin kwamfutarka a ciki. Shi ya sa nake ajiye shi a tagar da ke jikin katangarka. Da Hafsatu ta gaya min yau ne, da na bar shi a gida. Ku yi sauri."

Muka iso an ci kusan rabin lokacinta. Wata likita ce kawai ta rage a layin, tana shirin rufewa. Hafsatu ta ba da haƙuri, ta share ido, ta amsa tambayoyi. Ni ina bakin ƙofa a tsugune ina riƙe da akwatin da hannu biyu, ban ko yi tari ba. Bayan an gama ta kawo min ruwa ta wuce ɗaki. Makonnin da muka yi muna jiran sakamako, ban taɓa zuwa majalisa ba.

Sun ɗauke ta, alhamdu lillahi. Ranar da za ta tafi, Bitrus ta fara shiga yi wa sallama kafin ta zo wurina, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na koya da furfurata shi ne, in ka ga kayanka ya yi maka sauƙi a ka, kafin ka soma yabon wuyanka, waiwaya ka ga ko wani ne ya tallafe maka ta baya bai ce komai ba.