Yadda Farfesa Mijinyawa Ya Bar Gwangwan da Shanu Bakwai

Duk faɗin Karaye da Rogo, a shekarar 1997, ba a yi gwani irin Malam Mijinyawa ba. Shi ne ya je Kaduna kwas na mako biyu ya dawo da tabarau, alhali lafiyar idonsa ƙalau. Shi ne kaɗai mutumin da ya san harshen kwamfutar da aka kawo wa ofishin shirin rigakafin shanu. Da farko ana ce masa Malam. Daga baya ya bar amsawa sai an ce Injiniya. Masu shayin bakin tasha suka ga abin ya yi masa kaɗan, suka ƙara masa girma zuwa Farfesa.

Kwamfutar baƙin allo gare ta da koren rubutu. A cikinta akwai manhajar ƙididdiga: ka buga mata umarni a layi ɗaya, ta amsa maka a na ƙasa. Kafin Farfesa ya danna maɓalli guda sai ya naɗe hannun riga, ya yi gyaran murya, ya duba ko akwai mai kallo. In babu, ya jira.

Wata ranar Talata aka ce motar allura za ta taso daga Kano jibi, kuma ba za a loda ko kwalba ɗaya ba sai an ga yawan shanun kowace mazaɓa. Ciwon huhu ya riga ya fara kayar da shanu a wajen Gwangwan. Tun da hantsi Arɗo Hammawa, dattijon makiyayan can, ya zo ya zauna a kan benci, ya gaishe da kowa har da masinja, yana jiran ya ji rabonsu.

Farfesa ya buga umarni. Allo ya cika da abin mamaki. Layuka suka kakkarye, lambobi suka hau kan juna, kan jadawali ya koma tsakiya, wutsiyarsa ta leƙo ta hagu. Ya danna kibiya don ya koma baya, sai wasu alamu suka fito kamar kaji sun yi tono.

Bai firgita ba. Gumin da ya keto masa na zafin gari ne.

"Jama'a," in ji shi, "wannan na'ura 'yar ƙasar sanyi ce. Abin da kuke gani zazzaɓi ne na kimiyya."

Aka kwaso fankoki biyu daga ofishin shugaba aka kafa mata. Takardu suka yi ta tashi sama, lambobi suna nan a karkace.

Sai ya gano cewa sunayen rugage ne suka ruɗa ta, don ba ta jin Fulatanci. Ya tambayi Arɗo ko za a iya sauya wa rugarsa suna zuwa wani abu mai sauƙi. Arɗo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kakana ne ya raɗa. In ka iya tashinsa, sai ku yi shawara."

Daga nan ya kashe ta ya kunna sau huɗu. Ya ɗan mare ta a gefe, a ilmance. Ya yi mata magana da Turanci.

A kusurwar ɗakin kuwa Lantana mai tafireta tana zaune. Shekara goma sha tara tana buga wasiƙu, kuma ta san abin da ke faruwa in layi ya fi takarda faɗi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko dai faɗin layin ne ya..."

"Malama Lantana," ya katse ta, "tsakanin tafireta da kwamfuta akwai tafiyar shekara ɗari. Ki tsaya a inda Allah ya ajiye ki."

Da shugaban ofis, Alhaji Muntaka, ya shigo ya ce lokaci ya ƙure, sai Farfesa ya bayyana cewa shi ai yana iya karanta rubutun a haka. Ya gyara tabarau, ya bi allon da yatsa.

"Beli, shanu dubu arba'in da ɗaya. Gwangwan, bakwai."

Arɗo ya miƙe a hankali.

"Bakwai, Malam? To waɗanda matana suka tatsa da safe, na wane ne?"

"Arɗo, ƙididdiga ba ta ƙarya. Wataƙila kun daɗe ba ku ƙirga ba."

Kiran sallar azahar ne ya ceci Farfesa. Yana fita alwala Alhaji Muntaka ya dubi Lantana, ya nuna mata kujera da haɓa. Ta zauna, ta duba saitin, ta ga an mai da faɗin layi harafi ɗari da talatin da biyu, alhali allon tamanin yake ɗauka. An kuma sauya wa na'urar nau'in allo zuwa wani mai dogon suna. Ta tuna jiya ta ji Farfesa yana cewa tamanin ta yi wa jami'i mai matsayinsa kaɗan. Ta mayar da komai yadda yake. Lambobi suka jeru reras. Gwangwan, dubu biyu da ɗari uku da bakwai. Arɗo ya sauke ajiyar zuciya, ya sa mata albarka har sau uku.

Farfesa ya dawo ya tarar da allo tas. Ko gezau bai yi ba.

"Kun gani? Na san in na ba ta wuri za ta yi nazarin maganata."

Allura ta iso ranar Alhamis, ta wadaci kowa. Ranar Litinin Alhaji Muntaka ya tara ma'aikata, ya yaba wa ƙoƙarin Farfesa, ya ce mutum irin wannan ya wuce zaman danne-danne. Ya naɗa shi Babban Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta, ya damƙa masa makulli a gaban kowa. Farfesa ya sa aka rubuta muƙamin a jikin ƙofa da jan fenti.

Kullum shi ke buɗe ɗakin da safe, shi ke rufewa da yamma. Abu ɗaya kawai aka hana shi: taɓa abin da ke ciki.